Bazarar Ruwan Malama

Bazarar bana ta zo da ƙarfi. Tun hantsi bangon ɗakina yake ɗaukar zafi, in azahar ta yi ko tabarma ba ta kwantuwa. Famfon unguwarmu ya daɗe da yin shiru, sai 'yan garuwa ke wucewa da kurarsu suna buga jarka. Jiya da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta kwashe shanyar mutane, sannan ya watse ko ɗigo bai sauke ba. Ina tsaye a tsakar gida da wanki a hannu, sai wata bazarar ta faɗo mini a rai, wadda ta wuce shekara ashirin da wani abu.

Lokacin unguwarmu Inkil ba ta cika haka ba. Gidaje tsilli-tsilli ne, tsakaninsu gonakin masara da gyaɗa, in ka leƙa bayan gida sai duwatsu. Maigidana, Baban Sani, tela ne, shagonsa yana Gwallaga, can cikin gari. Da sassafe yake fita a kan mashin, sai bayan magariba yake dawowa. Gidanmu ba wani gida ba ne, ɗaki biyu da rumfar girki. Abu ɗaya muka fi kowa da shi, rijiya. Tun ina amarya ya sa aka haƙa ta. Masu haƙa suka tarar da dutse suka ce a haƙura, ya ce a fasa. Da aka fasa ruwa ya ɓullo fari tas, mai sanyi, ba gishiri ba wari.

A daminar da ta gabaci wannan bazara ruwa ya ɗauke da wuri, masara ta bushe a tsaye. Tuwo sau ɗaya muke tuƙawa a yini, da safe a dama kunu ba sukari, yara su sha su lashe ludayi. Sai rijiyoyin unguwa suka fara ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Rafin da ke bayan gonaki ya zama yashi, mata suna tona rami a cikinsa suna jiran abin da zai tsatso. Tawa ta ja baya, har muka ƙara wa guga igiya, amma ba ta ƙafe ba.

Da an idar da sallar asuba zan ji ƙarar bokitai a ƙofar gida. Baban Sani ya ce ruwa ba na sayarwa ba ne, don haka kowa ya zo ya ja. Ni kuwa sai in ajiye kujerata a gindin dalbejiya, ina tsince shinkafa ko ina gyaran kuka, mata suna ja suna gaishe ni. Duk labarin Inkil a tsakar gidana yake fara sauka. Wata ta kawo mini daddawa, wata ɓarin goro. Ruwan gidan Maman Sani ake cewa, har daga bakin titi ake aiko yara. Ban taɓa zama wata aba ba a duniya sai a wannan bazara, kuma na ji daɗin abin.

Sani ake kira na da shi, amma ba shi ne babba ba. Akwai yarinya a gabansa, 'yar farina, lokacin tana ajin ƙarshe na firamare. Mu Fulani ne da suka zauna a gari tun kakanni, shanun sun ƙare amma karar tana nan. Ba a kiran sunan ɗan fari a gidanmu. Ba a zaunar da shi a cinya a gaban mutane, ba a yabonsa, in ya yi ciwo ba a nuna an damu. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi da tawa. "Ke" nake ce mata. Sunanta sai dai ku ji shi a bakin wasu.

Yarinyar tana da ciwon da ya dame ni, ban gaya wa kowa ya dame ni ba. Tafin hannunta da na ƙafarta sun yi kanta, da wasu ƙananan ƙuraje masu tauri kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin fata. Ƙirjinta da bayanta sun yi ɗige-ɗige, baƙi da fari-fari. Mun shafa man kaɗe, mun jiƙa saiwa, an karɓo rubutu, mai kemis ya ba da man ƙyasbi. Abin sai ƙaruwa. In za ta karɓi abu a hannun mutum takan rufe hannunta da gefen hijabi. Ina ganinta, in kawar da kai.

A wannan shekara Malama Safiya ta tare a gidan da ke kallon namu. Malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, ta kusa ajiye aiki. A GRA take da, da mijinta wani babban ma'aikaci, da ya rasu aka karɓi gidan gwamnati, ta sayi wannan ƙaramin ta dawo cikinmu. Ba ta taɓa haihuwa ba. Doguwa ce, da tabarau, tana magana a hankali kamar kowa ɗalibinta ne.

Ran da ta fara shigowa neman ruwa, na ce wa yarinyar ta ja mata. Tana miƙa bokitin sai Malama ta ajiye shi, ta kama hannunta ta buɗe.

"Yaya sunanki, 'yan mata?"

"Maryam."

"Maryam, tun yaushe hannunki yake haka?"

Ta riƙe hannun a cikin nata, tana shafa shi da babban yatsa, a gaban duk matan da ke layi. Rabon da in riƙe wannan hannu haka tun tana rarrafe. Sai ta juyo wajena.

"Maman Maryam, wannan ruwan kuke sha tun da aka haife ta?"

Ba wanda ya taɓa kira na haka. Mata suka sunkuyar da kai suna murmushi. Na ce shi muke sha, kuma duk Inkil ba kamarsa. Ta ce ta gani. Ta roƙi in bari ta ɗiba a kwalba, wai wani tsohon ɗalibinta yana aiki a ɗakin gwaji a jami'a.

An ɗan kwana biyu ta dawo, da yamma, ta sa aka yi mata sallama da Baban Sani. Muka zauna a zaure. Ta ce akwai wata guba a ruwan, asanik ake ce mata, daga jikin dutsen da ke ƙasa take narkewa ta shiga ruwa. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, ba ta kisa yau ko gobe. Tarawa take a jiki shekara da shekaru, ta fara nunawa a fata, daga baya ta taɓa abin da ya fi fata.

Na ce, "Ruwan da ake ganin ƙasan bokiti ta cikinsa?"

"Shi fa."

"To sai in riƙa tafasawa."

"Tafasawa ba ta fitar da ita. Ruwan ne zai ragu, ita tana nan."

Baban Sani ya tambaya ko a rufe rijiyar. Ta ce in an rufe me unguwa za ta sha a wannan zafi? A ci gaba da wanka da wanki da shi. Na sha da na girki kuwa akwai dabarar da za a tace shi, ba ta bukatar komai sai randa da yashi da gawayi da tsofaffin ƙusoshi. Tsatsar ƙarfe tana kama gubar, yashi kuma ya tare tsatsar. Da ya shiga gida ya ce mini, "Dije, wannan mata Allah ne ya kawo mana ita." Na ce haka ne. Na tuna ɗige-ɗigen da ke ƙirjina, waɗanda na ɗauka na haihuwa ne.

Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa. Da safe mata suka zo kamar kullum, amma ba mai zama. Kowa ta ja ta fita, gaisuwar ma a tsaye. Wata da na sha ba ta ruwa tun kafin bazara na ji ta a ƙofa tana cewa dama ita cikinta yana murɗawa in ta sha.

Aikin a gidan Malama aka yi shi, don ita ta san yadda ake jerawa, kuma tana da baranda mai inuwa. Maza suka bi shagunan kafintoci da maƙeran Gwallaga suna tattaro ƙusoshi, waɗanda suka lanƙwashe da waɗanda aka ciro daga tsohon rufi. Masu ƙyalli da ba sa tsatsa Malama ta ce a mayar, ba su da amfani. Muka wanke su da toka da ruwan zafi don maiƙo ya fita. Mata muka tafi rafi da rana tsaka muka ɗebo yashi a ka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin silifas. Muka tankaɗe, mai laushi daban, mai tsakuwa daban, muka yi ta wankewa har ruwan wankin ya daina yin ja. Ruwan wankin ma ba a zubarwa, a gindin bishiya ake juye shi. Aka daka gawayi sama-sama. Kafinta ya haɗa mata katako mai hawa uku. Randar sama an huda gindinta, an zuba ƙusoshi da tsingaron tukunya a kansu. Ta tsakiya ita ma a huje, da tsakuwa da gawayi da yashi. Ta ƙasa ita ke tarar abin da ya ɗigo.

Ɗigowa yake a hankali, kamar ba ya so. Kana jin ƙishi har harshenka yana mannewa, ga rijiya cike da ruwa mai sanyi a gabanka, amma sai ka jira randa. Sani yakan yi kuka ya nufi guga, in fizge shi. Kunun safe sai da na riƙa auna ruwansa da moɗa. Malama ta sake aika kwalba jami'a daga randar ƙasa, aka ce gubar ta ragu ƙwarai, a sha.

Daga nan layi ya tashi daga gidana ya koma nata. A rijiyata ake jan ruwan, da gugana, a ɗauka a tsallaka hanya a juye a randunanta. Da ya ɗigo ya zama ruwan Malama. Haka kowa yake cewa, har Baban Sani. "A ba ni ruwan Malama in sha." Daddawa da goro can suka koma. Ina zaune a gindin dalbejiya ni kaɗai ina jiyo shewar mata ta kan katanga.

Wannan duka da sauƙi. Abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar.

Ita ce mai kai ruwan gidanmu ta dawo da tatacce. Da farko takan je ta dawo. Daga baya in ta tafi bayan makaranta sai kiran magariba. Malama ta kai ta asibiti da kanta aka ba ta wani mai, kullum ita ke jiƙa mata hannu a ruwan ɗumi, ta goge kantar a hankali, ta shafa. Ta riƙa dafa mata wake da ƙwai, a shekarar da ƙwai sai a gidan wane. Ta koya mata jera randa, da yadda ake gane yashi ya toshe, da inda ake binne tsohon yashin nesa da rijiya. Yini guda ina jin sunan nan yana tashi daga wancan gida. Maryam kawo moɗa, Maryam zo ki gani, Maryam kin ci abinci? Sunan da ni na zauna aka raɗa mata shi ina ɗaki ina jego, ban taɓa ɗanɗana shi a bakina ba, ga wata tana ta watsa shi kamar tsaba. Kuma yarinyar tana dariya a can. Ban san tana da irin wannan dariya ba.

Na ce wa Baban Sani ya sayo randuna, ni ma zan haɗa nawa, yarinya ta daina zarya a rana. Ya sayo. Na jera da kaina ran da ba kowa. Ruwan ya fito ja kamar kunun kanwa. Na sake, ya ƙi ɗigowa sam. Ina tsugune ina zufa ta dawo daga makaranta, ta leƙa ciki.

"Inna, Mama ta ce tsakuwa ake fara sawa a ƙasa, yashi a sama. Kuma ba a danna shi."

"Wace Mama?"

Ta sunkuyar da kai. "Malama."

Ta naɗe hannun riga ta kwashe komai ta sake jerawa. Ina kallon hannuwanta, sun fara laushi a gefe-gefe. Kafin la'asar ruwa ya fara ɗigowa fari. Na ce, "Ke, ɗauki tsintsiya ki share wajen nan." Abin da ya fito daga bakina ke nan. Ta share, ta wanke ƙafa, ta tsallaka hanya.

Gidaje da yawa suka haɗa nasu a wannan wata, kuma yarinyar ake aikowa a kira in randa ta ƙi. 'Yar Malama suke ce mata.

Zafi ya kai inda kaji suke buɗe baki a inuwa, tsofaffi suka fara maganar fita roƙon ruwa. A irin wannan rana Malama ta shigo da yamma da atamfa a leda, ta zauna a tabarmata. Ta ce ta riga ta yi magana da Baban Sani, ya ce sai abin da na ce. Tana so a ba ta riƙon yarinyar. Za ta sa ta a sakandare, ta kula da maganinta, kuma ga gida ga gida, kullum ina ganinta.

"Ni kaɗai ce a gidan nan, Maman Maryam. In ta tafi da magariba sai in ji kamar an ɗauke wuta. Amma in ba ki so, wallahi ba zan ji haushi ba."

Da Sani ta roƙa da na ce yaro ne, ba ya iya kwana ba ni. Amma 'yar fari ce. Macen da ta hana riƙon 'yar fari, har ta mutu ana ba da labarin rashin kunyarta. Ga shi kuma matar nan ita ta gano abin da yake cin yarinyar, a cikin ruwan da ni nake ba ta da hannuna. Na duba ƙofar ɗaki, na ga inuwar ƙafafunta a bayan labule, tana saurare.

Na ce, "Haba Malama, har sai kin tambaya? Ai taki ce."

Labulen ya motsa. Na ji ta tana tsalle a hankali, don kar a ji.

Ran da ta tare, ni na wanke mata kaya na ninke a akwatin ƙarfen da aka kawo ni da shi. Ta ɗora a ka, ta durƙusa ta ce, "Inna, na tafi." Na ce, "To. Ki riƙa jin magana." Taku kaɗan ne tsakanin ƙofarmu da tasu, na tsaya a zaure ina leƙe ta jikin asabari har ta shige.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka. Da rana ya zo, da iska mai ƙamshin ƙasa, sannan ya ɓarke a kan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka bar na farko ya wanke rufi, sannan muka tara duk abin da yake da baki, bokiti, baho, tukunya, har kwanon tuwo. Malama ta riga ta gaya mana ruwan sama ba shi da wannan guba. Yara suka fita tsirara suna ihu. Na sha moɗa biyu a tsaye, ruwan da bai bi ta randar kowa ba. A raina na ce to, yanzu an gama da ruwan Malama, wataƙila yarinya ta dawo. Na leƙa waje. Suna tsaye su biyu a bakin indararo, sun riƙe baho ɗaya, zane ɗaya a kansu.

Ba ta dawo ba. Ta yi sakandare a hannunta, ta yi makarantar koyon jinya. Hannun ya warke sai ɗan kaushi, ɗige-ɗigen suka dushe amma ba su ɓace duka ba. Kullum takan shigo ta gaishe ni, ta durƙusa har ƙasa, ta tambayi abin da nake bukata. Ba ta taɓa yi mini rashin ladabi ba. Hira ce dai ba ma yi, ba mu saba ba. Da za ta yi aure, a ɗakin Malama aka yi mata lalle. 'Yarta ta fari aka sa mata sunan uwar miji, na ce daidai ne. Da ta sake haihuwar mace na sayi turmi biyu na atamfa na ajiye. Ina bakin murhu ina dama kunun mai jego aka shigo aka ce sunan jaririya Safiya. Na ce Allah ya raya, na ci gaba da damawa. Bayan ita maza ta yi ta haifa.

Yanzu an kawo famfo, ko da yake ya fi yawan yin shiru, ga ruwan leda a kowane shago. Rijiyar tana nan, wanki muke yi da ita. Yaran unguwa ba su san an taɓa yin layi a kanta ba.

Malama ta rasu shekara uku ke nan, bayan doguwar jinya. Ni nake dafa mata fate in kai, don a ƙarshe nawa kaɗai take iya ci. Mace ce ta gari, ban taɓa kama ta da wani abu ba, kuma na nema. Ba na sallah in tashi ban roƙa mata gafara ba.

Ran da ta cika ina ɗakin. Yarinyar tana riƙe da kan Malama a cinya. Da ta ga numfashi ya tsaya sai ta kifa fuskarta a ƙirjin matar, ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba, ma'aikaciyar jinya guda da ta ga mutuwa ba adadi. Mata suka yi ta ba ta baki, ta ƙi ɗagowa. Kwana bakwai tana zaune a barandar nan ana zuwa yi mata gaisuwa, ba ta cin abinci sai an matsa mata. Ni ina gefe ina zuba wa baƙi ruwa, ina amsa "ya haƙuri" kamar kowace maƙwabciya.

Tun daga ranar nake tambayar kaina ko ni ma za ta yi mini irin wannan kukan. Ba abin da za a tambayi 'yar fari ba ne. Kuma ran da za a sani, ni ba zan gani ba.